Kiwon Zomo a Tawa: Yadda Ake Tsare Zafin Jikinsa Daga Ɗari Zuwa Bazara

Zafin jikin lafiyayyen zomo yana tsakanin digiri 38.5 da 40 a ma'aunin Salsiyus, kuma galibi daf da 39 ake samunsa. Haka yake ga zomon da ke cikin keji a bayan gida a Tawa, haka yake ga ɗan uwansa na daji da ke kwana cikin dusar ƙanƙara a arewacin Kanada. Aikin mai kiwo daga Disamba har Yuni shi ne ya taimaki dabbar ta riƙe wannan lamba. Yawancin asarar da ake yi a nan Adar kuwa daga kuskuren lokaci take zuwa. Da ɗari, sa'ad da babban zomo yake cikin jin daɗinsa, sai a lulluɓe keji ruf. Da bazara, sa'ad da yake bakin mutuwa, sai a bar shi ƙarƙashin kwano.

Zomon ƙanƙara da zomon Adar

Kafin a fahimci dalilin haka, sai an dubi yadda dangin zomo suke yi da sanyi a inda sanyin yake na gaske. A dazuzzukan Kanada da Alaska akwai zomon daji mai faffaɗan tafin ƙafa, wanda masana suke kira Lepus americanus. A can sanyin hunturu yana kai digiri 30 ƙasa da sifiri, wani lokaci har ya wuce. Wannan zomo ba ya shiga rami ya yi dogon barcin hunturu kamar yadda wasu dabbobin can suke yi. Yana waje duk tsawon sanyin, yana gaigayar ɓawo da ƙananan rassa, zafin jikinsa kuma ba ya gusawa daga wurinsa sai ɗan kaɗan. Abin da ke sauyawa sosai shi ne rigarsa. Wani bincike da aka yi a yankin Yukon, aka wallafa a 2009, ya gwada zomayen kaka da na tsakiyar hunturu. An tarar gashin hunturu ya fi tsawo, yawansa ya ninka fiye da sau biyu, zafin da ke zurarewa daga jiki ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku, abincin da jiki ke ƙonawa a lokacin hutu kuma ya ragu da kusan kashi 20 cikin 100. Sai sanyi ya wuce digiri 10 ƙasa da sifiri sannan jikin yake fara ƙara ƙona abinci don ya ɗumama kansa. Wato ya fi mai da hankali ga toshe ƙofar da zafi ke fita, maimakon hura wuta a ciki.

Can arewa da shi, a tsibiran Kanada da Girinlan, akwai wani wanda ya fi shi girma, Lepus arcticus, mai nauyin kilo 4 zuwa 5 da gajerun kunnuwa. Idan iska ta taso yakan dunƙule wuri ɗaya kamar ƙwallo, ya kwantar da kunnuwa a baya, ya cusa ƙafafu ƙarƙashin jiki, ko ya tona ɗan gurbi cikin ƙanƙara. Babban jiki da ƙaramin kunne, siffar dabbar da ba ta son zafinta ya fita ke nan.

Zomon dajinmu ya bi wata hanyar. Siriri ne, gashinsa gajere, kunnuwansa zaƙo-zaƙo. Da rana yakan lafe a gindin sabara ko geza, ya kwantar da cikinsa a kan ƙasar da ya ɗan tona, ba ya motsi sai yamma ta yi sanyi. Na gida kuwa jinsinsa dabam ne da su duka, ba sa ma haihuwa da juna. Asalinsa daga Sifaniya da Fotugal yake, kuma a can cikin rami yake wuni. Mu ne muka raba shi da rami muka sa shi cikin keji, alhali bai da rigar da zai tuɓe, bai da gumin kirki kamar mutum ko doki. Ya fi sakewa idan zafin wuri yana tsakanin digiri 15 da 21. Daga 28 zuwa 30 ya fara wahala, ya rage cin abinci. Daga 35 zuwa sama jikinsa ya fara kasa, zafin cikinsa ya soma hawa. A Tawa kuwa, cikin Afrilu da Mayu, zafin rana a inuwa yakan wuce 40 kusan kullum, daren Janairu kuma yakan tsaya wajen 15. Abin da mu muke kira tsananin ɗari, wurin babban zomo lokacin hutawa ne.

Hanyoyi uku kawai yake da su na fitar da zafi: kunne, numfashi, da miƙe jiki a kan abu mai sanyi. Ka ɗaga kunnen farin zomo wajen hasken rana da azahar a watan Afrilu, za ka ga jijiyoyin jini sun cika sun yi ja kamar saiwar itace, kunnen da zafi a hannunka. Jinin ne yake fitowa can ya sha iska ya koma. Ka duba kunnen nan da asubar Janairu, za ka ji shi da sanyi, jijiyoyin sun tsuke sun kusa ɓacewa. Kowanne daidai ne a lokacinsa, don haka taɓa kunne kaɗai ba ya gaya maka zafin jikin zomo. Sai an auna.

Yadda ake aunawa

A sayi ma'aunin zafi mai batir, irin wanda ake sayarwa a farmasi don yara, a keɓe shi don zomaye. Na gilashi yana iya karyewa a ciki idan dabbar ta zabura. Aikin na mutum biyu ne. Ɗaya ya ɗora zomon a kan buhu ko tsumma bisa tebur, ya rufe masa ido da tafin hannu, ya haɗa jikinsa da nasa. Ba a ɗaukar zomo ta kunne. Hannu ɗaya ƙarƙashin ƙirji, ɗaya ya tallafi ƙugu, domin ƙafafun bayansa suna da ƙarfin da idan ya yi harbi a iska yana iya karya ƙashin bayansa da kansa. Na biyun ya shafa wa bakin ma'aunin ɗan basilin ko man kaɗanya, ya ɗaga wutsiya a hankali, ya sa shi cikin dubura santimita 2 zuwa 3. Dubura ita ce ƙofar da ta fi kusa da wutsiya. Idan ma'aunin ya tokare kada a tura, a ɗan janye a sauya masa kwana. In ya yi ƙara a karanta, a goge shi da alkol kafin a koma kan wani zomon.

Zomon da aka yi ta kora cikin keji kafin a kama shi zai nuna lamba sama da gaskiya, don haka a bar shi ya huce na minti 10 tukuna. Abin da muke ba da shawara shi ne, tun kafin wata matsala ta taso, a zaɓi zomaye biyu ko uku a auna su da ƙarfe 7 na safe da kuma ƙarfe 3 na rana, kwana uku a jere, sau ɗaya a Janairu, sau ɗaya a ƙarshen Maris. A rubuta. Wannan ɗan rubutu shi zai nuna maka ko rumfarka tana aiki.

Karatun lambar ba wuya. Daga 38.5 zuwa 40 lafiya lau. Idan ta wuce 40 da rana, wurin ya yi zafi, a gyara shi yau. Daga 40.5 zuwa sama haɗari ne, a fara sanyaya shi nan take, wajen 42 kuwa kaɗan ne suke tashi. Idan lambar ta hau da sassafe alhali gari da sanyi, to zazzaɓi ne na ciwo: a duba hanci, a saurari ƙirji, a taɓa nonon mai shayarwa ko ya kumbura ya yi tauri, a nemi likitan dabbobi. Ƙasa da 38 ma mugun labari ne. Babban zomo ba ya yin sanyi haka saboda hunturun Tawa. Yawanci cikinsa ne ya tsaya, ko zawo ya ƙarar masa da ruwan jiki. A naɗe shi da zane, a ajiye kwalbar ruwan ɗumi da aka naɗe da tsumma a gefensa, a tafi da shi wurin likita.

Ɗari: a bar manya su sha iska, a tsare jarirai

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu shi ne lokacin ribar mai zomo. Suna ci sosai, suna ƙiba, mata suna ɗaukar ciki ba wuya. Abin da za a kare manya daga gare shi iska ce da ƙura. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa, don haka a kafa zana a gefen arewa da na gabas, a bar kudu da yamma a buɗe. Wanda ya rufe keji ko'ina da leda ko bargo ya tara warin fitsari a ciki, warin nan kuwa yana ƙona hanci da huhu, sai atishawa ta biyo baya, sai majina fara, ka ga gashin ƙafafun gaba ya manne saboda share hanci. Idan ka sunkuya daidai tsayin kejin warin ya sa idonka yaji, zomon da ke kwana a ciki ya fi ka shan wahala. A share kashi da fitsarin ƙarƙashi kowane kwana biyu, a barbaɗa toka ko busasshen yashi. A ƙara abinci kaɗan, domin ci yana ƙaruwa da sanyi.

Jarirai ne ɗari yake kashewa, kuma a nan ne bambancin zomon gida da na daji ya fi fitowa. Zomanyar daji takan yi ciki na kusan kwana 42, ta haifi ɗa da gashinsa, idonsa a buɗe. Ta gida cikinta kwana 30 zuwa 32 ne, ƴaƴanta kuma tsirara suke zuwa, makafi, ba su iya riƙe zafin jikinsu. Suna bukatar cikin sheƙarsu ya kasance wajen digiri 30 zuwa 32 a makon farko, alhali waje yana 15. Abu biyu ne ke samar da wannan ɗumi: gashin da uwar take tsigewa daga cikinta da ƙirjinta, da kuma cunkusuwar ƴaƴan a wuri ɗaya. Uwar ba ta kwanciya a kansu kamar kaza. Sau ɗaya take shiga a yini, yawanci da dare ko asuba, ta shayar na minti 3 zuwa 5, ta fita. Wanda bai san haka ba sai ya ce ta ƙi ƴaƴanta.

A sa mata akwatin haihuwa a rana ta 28 bayan barbara. Na katako ya fi, tsawo santimita 45, faɗi 30, tsayi 30, da ɗan shinge a bakin ƙofa mai tsayin santimita 12 zuwa 15 don kada jariri ya biyo nono ya faɗo waje. A huda ƴan ƙofofi a ƙasan akwatin don fitsari ya tsiyaye, a shimfiɗa busasshiyar ciyawa mai laushi kaurin yatsu huɗu. Kada a sa tsumma mai zare, zaren yana naɗe ƙafar jariri har ta mutu. In an sa akwatin da wuri sosai, sai ta mai da shi wurin kashi.

Kowace safiya a wanke hannu a cusa shi cikin gashin. Sheƙa mai kyau tana da ɗumi kamar hammata, ƴaƴan a dunƙule, suna zillo idan an taɓa su, cikin kowanne ya yi tim da nono, fatar a miƙe tana sheƙi. Jaririn da bai sha ba fatarsa takan yi tamoji, cikinsa a lafe. A cire wanda ya mutu da ciyawar da ta jiƙe, domin laima tana janye zafi fiye da iska. Idan uwar ba ta tsige gashi isasshe ba, a riƙe ta a tsige mata daga ciki a hankali, a kwanakin haihuwa gashin yana fita ba wuya. Idan ta haifi biyu ko uku kacal, ba za su iya ɗumama juna ba a daren Janairu. Gara a haɗa su da ƴaƴan wata da ta haihu kwana biyu ko uku tsakani, a cusa su ƙarƙashin gashin sheƙar tun da safe don su ɗauki warin gidan kafin uwar ta shigo. Wannan ne ya sa yake da kyau a yi wa mata biyu barbara rana ɗaya.

Zomanya ba ta ɗaukar ɗanta a baki ta mai da shi sheƙa kamar kyanwa. Wanda ya faɗo kan raga nan zai kwana. In ka tarar da shi ya sandare, kada ka yi saurin jefarwa. Sa shi cikin rigarka ya manne da fatar jikinka na minti 20 zuwa 30, ko ka sa shi cikin leda kansa a waje ka tsoma ledar cikin ruwa mai ɗumin da gwiwar hannu take jurewa. Da yawa sukan fara motsi. Sai ya yi ɗumi sarai sannan a mai da shi tsakiyar ƴan uwansa. Kada a kai shi bakin garwashi, fatar ba ta jure wannan. Gashi yakan rufe su cikin mako guda, ido ya buɗe wajen kwana 10 zuwa 12, daga nan haɗarin sanyi ya ragu ƙwarai.

Bazara

Shirin bazara a Fabrairu ake yinsa, kuma daga rufi ake farawa. Kwano tsirara da azahar murhu ne a kan zomo. In da hali a yi rumfar zana ko ta karan hatsi mai tsayin mita 2.5 zuwa 3, ƙarƙashin dogon yaro in akwai. In kwanon ne dole, a ɗora masa kara ko ciyawa kaurin santimita 15 a sama, a ɗaure. Tsawon rumfar ya bi gabas da yamma, don rana ta bi ta kan rufi maimakon ta leƙo ta gefe, a kuma rataya zana a ƙarshen yamma saboda ranar la'asar. Kada a jingina keji da katangar siminti da rana ke duka, tana riƙe zafi ta yi ta amayar da shi har tsakar dare, a daidai lokacin da ya kamata zomo ya huce ya ci abinci. A janye zanar hunturu, iska ta ratsa ta ko'ina. Kejin uwa ɗaya ya kai santimita 100 a tsawo, 60 a faɗi, 50 a tsayi, a kan ƙafafu santimita 80 daga ƙasa. Tsawon nan yana da dalili: zomon da ya ji zafi yana bukatar ya miƙe sambal, ƙafafun baya a baje. A rage cunkoso, a sayar ko a yanka waɗanda suka isa tun Maris bai ƙare ba. A rataya ma'aunin zafin ɗaki a jikin kejin, daidai inda zomon yake kwanciya.

Sai sanyaya wurin. A Maris da Afrilu iskar Adar a bushe take ƙayau, kuma wannan taimako ne, domin ruwan da ke bushewa yana tafiya da zafi, kamar dai yadda randa take sanyaya ruwa. A jiƙa buhun algarara a rataya shi ta gefen da iska ke shigowa, tazarar taƙi ɗaya daga raga don kada su ja shi su ci. A sake jiƙa shi da ƙarfe 11, da 1, da 3, ko a ɗora bido mai ƴar huda a sama ya riƙa ɗiga a kai. A yayyafa ruwa a ƙasan rumfar. A cikin keji a ajiye kasko ko fasasshiyar randa da aka jiƙa, su kwanta a jiki. Mai firji ya daskarar da ruwa cikin robar lita ɗaya da rabi, ya sa wa masu ciki da masu shayarwa da namijin barbara wajen ƙarfe 12, ya canza ta idan ta narke. Amma kada kiwo ya dogara kan kuran, wato wutar lantarki, domin ranar da aka fi bukatarsa ita ce ranar da ya fi saurin ɗaukewa.

Dabarar buhu tana da iyaka, kuma mutane da yawa ba su lura ba. Daga ƙarshen Mayu zuwa Yuni, lokacin da hadari ya fara haɗuwa amma ruwa bai sauka ba, iska takan yi nauyi da laima. Buhun ba ya bushewa da sauri, hakin zomon ma ba ya fitar da zafi yadda ya kamata. Kwanakin nan sun fi Afrilu kisa ko da ma'auni ya nuna ƙasa. A lokacin a rage jiƙa wuri, a ƙara buɗe hanyar iska, a dogara ga inuwa da ƙanƙara.

Wanda yake da fili, ya mayar wa zomo da raminsa. A binne randa babba a inuwa, bakinta a sama da murfi mai kauri don dubawa da shara, a huda gefenta a haɗa ta da keji ta bututun laka ko na siminti mai faɗin santimita 15 zuwa 20. Ƙasa a zurfin rabin mita ba ta bin zafin azahar, zomon da kansa zai shige da hantsi ya fito da yamma. Sai dai a tayar da wurin ya zama tudu don ruwan damana, a riƙa buɗe murfin kullum saboda kunama, maciji da tururuwa.

Maganar da ake yi cewa zomo ba ya shan ruwa, ganye ya ishe shi, ta kashe zomaye da yawa. Babban zomo mai kilo 2.5 zuwa 3 yana shan kusan kashi ɗaya cikin huɗu na lita a rana, da zafi ya ninka, mai shayarwa kuma tana iya shanye lita guda ko fiye. A zuba a kasko mai nauyi wanda ba za su kifar ba, daga randa, a canza safe da rana da yamma. Ruwan da ya ɗumama cikin gwangwani ba sa shansa, wanda bai sha ba kuwa ba ya ci.

Narkar da abinci shi kansa yana haifar da zafi a jiki, shi ya sa suke ƙin ci da rana. A bi su a haka. A ba da dusa da sauran abinci mai nauyi bayan magariba da kuma asuba, harawar wake ko ta gyaɗa kuma ta kasance a gabansu koyaushe, domin ita ce ke sa hanji motsi, ita ce kuma ke fitar da gashin da suke haɗiya idan suna zubar da rigar ɗari. Ɗanyen ganye da rana yana taimako: na dankali, zogale, yaɗiya, salati. A shanya shi a inuwa ya ɗan yi laushi, kada a bar shi cikin buhu ya yi zafi ya fara ruɓa, yana kumbura ciki. Ganyen lambu a tabbatar ba a yi masa feshi ba kwanan nan. Ganyen albasa, duk da arharsa a ƙasar nan lokacin girbi, ba abincin zomo ba ne, yana lalata jini. Tumfafiya guba ce.

Shawararmu a kan barbara ita ce a dakatar da ita daga tsakiyar Fabrairu ko farkon Maris, don kada ƙarshen ciki da haihuwa su faɗo cikin Afrilu da Mayu. Mai tsohon ciki ita ce ta farkon mutuwa ranar da zafi ya kai maƙura, wadda ta tsira kuma takan yi ɓari, ko ta haifi ƙanana, ko nono ya ƙafe. Namiji ma zafi yana taɓa shi ta inda ido ba ya gani. Idan ya yi kwanaki a jere cikin zafin da ya wuce 30 zuwa 32, maniyyinsa yakan lalace, kuma sabo yana ɗaukar kusan mako 7 kafin ya nuna. Shi ya sa za ka ga yana hawa lafiya a Yuni da Yuli amma mata ba su ɗauka, a yi ta zarginsu ko a sayar da shi a banza. Wuri mafi sanyi a rumfa nasa ne. Idan haihuwa ta riga ta faɗo cikin zafi, a juya dokar ɗari: jariran da suka watse kowa a kusurwarsa, a saman gashi, zafi suke ji. A kwashe rabin gashin, a shanya shi, a adana cikin takarda don sheƙar Disamba.

Idan zafi ya kayar da zomo

Alamun suna zuwa bi da bi. Zomo mai hutawa yana numfashi sau 30 zuwa 60 a minti. Da zafi sai numfashin ya yi sauri har ba ya ƙirguwa, hanci na rawa, kunnuwa a buɗe sun yi ja. Daga nan sai hanci da baki su jiƙe, yawu ya zubo. Zomo ta hanci yake numfashi, don haka idan ka ga ya ɗaga kai sama ya buɗe baki, leɓensa ya fara shuɗi, lokaci ya ƙure. Bayan wannan sai tangaɗi da shure-shure.

A ɗauke shi a hankali zuwa wuri mafi sanyi a gidan, a kwantar da shi a kan jiƙaƙƙen buhu. A shafa wa kunnuwa ruwan randa ciki da waje ba tare da ya zuba cikin ramin kunne ba, a jiƙa ƙafafu da ciki, a tura ruwan da yatsu har ya taɓa fata, a yi ta fifita. Kada a tsoma shi cikin ruwan ƙanƙara. Sanyi mai tsanani yana tsuke jijiyoyin fata da na kunne, zafin ya kulle a ciki, firgitar kuma tana iya tsayar da zuciya. Kada a ɗura masa ruwa yana haki, huhu zai tafi. A ajiye a gabansa, in ya farfaɗo zai sha. Maganin zazzaɓi na mutane ba ya aiki a nan, domin ba zazzaɓi ba ne. Haka nan kada a ɗura masa amoksisilin ko wani ɗan gidan fenisilin ta baki, suna kashe ƙwayoyin da ke narkar masa da abinci a hanji, zawon da ke biyo baya kuma yana kisa. A auna shi kowane minti 5 zuwa 10, a daina jiƙawa idan ya sauko 39.5, a goge shi, in ba haka ba zai zarce ƙasa. Kwana biyu na gaba a sa ido kan ci da kashi. Zomon da ya yi awa 12 bai ci ba, bai yi kashi ba, na likita ne. A kuma koma a duba sauran nan take, domin rumfa ɗaya suke ciki.

Hanya ma tana kashewa. Zomon da aka saya a kasuwar Lahadi aka cusa cikin buhun leda, aka ɗaure a bayan babur da azahar, sau da yawa ba ya isa gida. A ɗauke shi cikin kwando ko kwali mai manyan huji, da jiƙaƙƙen tsumma a sama, da sassafe ko bayan la'asar.

Wajen zaɓen iri, a tuna da siffar zomon ƙanƙara a nemi kishiyarta. Manyan zomayen Turai masu kilo 5 zuwa sama, da masu dogon gashi, da masu kunnuwa a zube, suna da kyan gani a Disamba, amma su ne suke fara faɗuwa a Afrilu. Matsakaicin jiki, gajeren gashi, dogon kunne a tsaye, shi ne na ƙasar nan. A cikin garkenka ma akwai bambanci: ka lura da waɗanda ba su daina ci ba a makon da ya fi zafi, waɗanda ma'auni bai wuce 40 a jikinsu ba da ƙarfe 3 na rana. Ka yi musu alama a kunne da shuni, ka riƙe ƴaƴansu. Idan damana ta zauna gari ya yi sanyi ana iya gwada barbara da mace ɗaya ko biyu a ga ko namijin ya dawo, amma a tsare ƙasan keji a bushe saboda zawon yara da laima ke kawowa. Cikakkiyar barbara a fara ta daga ƙarshen Oktoba, bayan zafin kaka ya karye. Uwa mai ƙoshi tana iya ba ka haihuwa biyu kafin Maris idan ana yaye ƴaƴan a mako 5 zuwa 6.